Ruwan Zartsi a Lambun Dada Abla

A tashar motar Kwatano aka raba ni da buhun shinkafata, kwana uku bayan na bar Bakura. Ban yi ihu ba. Na tsaya kawai da jakar goyo a bayana ina duban ƙofar da motar ta bi ta fita.

Shinkafar ba ta sayarwa ba ce. A gonata ta Bakolori na yanke ta, mai ɗakina ta turara ta da hannunta, aka kai inji, ta zauna ta tsince tsakuwar ɗaya bayan ɗaya. A bakin buhun ta cusa turmin atamfa kafin mu ɗinke. Duk na wata mata ce da ba mu taɓa gani ba, a wani ƙaramin gari na bakin teku a ƙasar Gana. Ita ta yi jinyar ɗanmu Nura kwana goma sha tara, har Allah Ya karɓi abinSa.

Nura yakan raka albasar 'yan kasuwar Mafara zuwa Ankara ta Gana. A tafiyarsa ta ƙarshe zazzaɓi ya kama shi a hanyar dawowa, ya kasa zama cikin mota, direba ya sauke shi a garin nan. Mu dai waya aka yi mana da lambarsa, wani dattijo mai Hausar da ban saba ji ba ya gaya mini. Na jira har na kwashe albasata ta rani, sannan na kama hanya. Abu ɗaya ya fitar da ni: in tsaya gaban matar nan in yi mata godiya yadda ake yi a wurinmu, ba da baki kaɗai ba.

Wanda ya cuce ni Bahaushe ne, ko kuma mai jin Hausa sosai. Ina sauka ya tarbe ni.

"Baba sannu da hanya. Wannan harshe ai na wajen Sakkwato ne."

"Zamfara," na ce.

"Duk gida ne. Kawo kayan nan, kada 'yan tasha su wahalar da kai."

Kwana uku ban ji wanda ya gaishe ni haka ba. Ya ɗora buhun a kan wata mota, ya ɗaure shi da kyau a gabana, ya nuna mini rumfar masu canji ya ce in je in canzo kuɗin ƙasar, zai riƙe mini kujerar gaba. Da na dawo babu motar, babu shi. Wani Bazabarme mai shayi da ya ga abin da ya faru ya jawo mini benci. Ya haɗa mini shayi da burodi, ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma haɗa ni da wani direban tumatir da ya ɗauke ni a bayan mota har Lome.

A hanyar nan na fara ganin teku. Ni da na tashi ina jin babu ruwan da ya kai dam ɗin Bakolori, sai ga ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar. Na daɗe ina dubansa ta tsakanin kwandunan tumatir. Abin da ya zo mini a rai shi ne, yaron nan, ɗana, ya sha ganin wannan bai taɓa ba ni labari ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba.

A Lome na kwana a barandar wani masallaci, jakata ce matashin kai. Abin da ke cikinta bai fi riga biyu ba, da dardumar salla, da buta, da hoce da ƙuli-ƙulin da aka yi mini guzuri. Hocen ya bushe har sai na jiƙa shi da ruwa. Washegari na tsallaka iyaka a ƙafa, na shiga motar da ke bin gaɓar teku.

Garin dogo ne siriri. Teku a kudu, wani babban tafki na gishiri a arewa, tsakaninsu tudun yashi wanda mutum zai ratsa kafin ya gama cin goro ɗaya. Babu hayaniya in ban da ƙugin ruwa da ba ya tsayawa. Abin da ya ba ni mamaki, duk inda ba gida ba, fangalin albasa ne, a kan farin yashi. Irin ƙananan albasar nan ce mai 'ya'ya, wadda ake dasa ƙwayarta. Na ji zuciyata ta ɗan kwanta. Inda ake noman albasa ba zan rasa abin cewa ba.

Dattijon da ya yi mini waya na same shi a gindin kwakwa, da rediyo a kan cinya da sandar dogarawa a gefe. Sunansa Kosi, tsohon soja ne, a bariki ya koyi Hausa, kowa Saja yake ce masa. Ƙanin matar da na zo nema ne.

"Alhaji ya iso," ya ce.

"Ban je Makka ba tukuna."

"A garin nan duk mai doguwar riga Alhaji ne. Ka samu hajji a ɓagas, ka yi shiru."

Ya kai ni wurin yayarsa, Dada Abla. Dada a harshensu uwa ke nan. Tsohuwa ce ƙarama, bayanta ya ɗan rusuna, hannunta kamar na namiji don aiki. Tana da ɗakuna biyu a bayan gida da take saukar da matafiya masu jakar goyo, yawanci Turawan da ke zuwa kallon teku da 'yan kuɗi kaɗan, su ci abin da gidan ya ci. A ɗaya daga ciki Nura ya kwanta. Ɗayan ta buɗe mini. Na lura da haka.

Na durƙusa a gabanta na fara gaisuwa, Saja yana fassarawa. Da na zo kan maganar shinkafa da atamfa, sai na sunkuyar da kai. Na ce na taho da abu, an karɓe a hanya, ga ni hannu biyu. Ta ɗaga hannu ta yi 'yar magana.

"Ta ce ba ta aike ka shinkafa ba," in ji Saja. "Ta ce ka tashi ka ci abinci, gwiwarka ba ta yaro ba ce."

Tuwon masara ne mai tsami naɗe a ganye, da barkono da soyayyen kifi. Saja ya nuna mini wata ƙaramar tukunya a rataye. Ya ce tun zuwan Nura ta ware ta, ba a dafa komai a ciki sai kifi, don kada Musulmi ya ci da shakka. Na ci, amma abincin bai wuce mini da daɗi ba. A wurinmu wanda ya rufa wa gawarka asiri ba a zuwa gidansa a ƙara masa nauyin baki.

Kashegari Saja ya raka ni garin da ke gaba, inda akwai 'yan Musulmi da ƙaramin masallaci. A hanya ya gaya mini cewa ranar da abin ya faru, Dada ce da kanta ta hau babur ta je ta ɗauko liman, ta hana kowa taɓa gawar kafin ya iso. Limamin ya tabbatar mini an yi wanka, an yi sutura, sahu biyu suka yi masa salla. Ya kai ni maƙabarta ya nuna mini wurin, sannan ya ce in faɗi sunan mamacin da na mahaifinsa a yi addu'a. Ɗan fari ne. Shekara ashirin da shida ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, yaron nan nake cewa, kamar yadda ubana ya yi mini. Ranar na faɗa. Abin da zan iya rubutawa ke nan game da wannan rana.

Da farko na so in juyo gida washegari. Abin da ya tsayar da ni lambun Dada ne. Fangali goma sha huɗu gare ta a bayan gida, albasar ta yi wata ɗaya da dashe, lawashi kore shar. Saja ya ce ita ce abincin gidan na shekara, Turawa ba kullum suke zuwa ba. A tsakiyar lambun akwai rijiya mai faɗin baki, zurfinta bai fi tsayin mutum ba, da matakala uku. Kullum safe da yamma tsohuwar nan za ta sauka da bokiti biyu, ta kamfaci ɗan ruwan da ya taru, ta hau ta yayyafa, ta dawo ta tsaya jiran wani ya tsattsafo. Ruwan bai kai gwiwa ba. Na miƙa hannu in karɓi bokitin, ta make mini hannu. Baƙo ba ya ban ruwa.

Na dubi rijiyar da idon manomi. A ganina babu abin da ke damunta sai rashin namiji mai ƙarfi a gidan. Yashi ya cike ta, tana son yasa. A fadamarmu in rijiya ta ja baya a ƙarshen rani, shiga ake yi a ƙara mata zurfi, ruwa ya dawo. Na yi wannan aiki ya fi a ƙirga. Na ce a raina, ga shinkafata ta dawo ta wata hanya.

Ranar Lahadi suka yi ado suka tafi coci, kuma Saja ya riga ya gaya mini ba a tashi sai rana ta take. Suna fita na tuɓe riga, na ɗauki shebur da bokiti na shiga. Farin yashi na fara fitarwa, sannan wani mai duhu da ɓawon katantanwa. Da na ƙara kamar kamu uku, ruwa ya ɓulɓulo da ƙarfi, kafin in fito ya kai mini ƙirji. Na yi hamdala. Ban tsaya nan ba. Na kama ban ruwa, ba yayyafi irin nasu ba, na shayar da fangali tara sosai kamar yadda nake yi wa tawa. Idona yana ta zafi, na ɗauka gumi ne. Ruwan ya gurɓace da haƙa, ban kai shi baki ba. Wa ke ɗanɗana ruwan rijiyar da ya ga ana sha jiya?

Ina kan na goma suka dawo. Saja ya tsaya ya dubi tulin baƙin yashin, ya dube ni. Ya dogara sandarsa ya zo, ya tsoma yatsa a bokitin da ke hannuna ya lasa, ya tofar.

"Alhaji, ka kashe mu."

"Mi na yi?"

"Sha."

Na kurɓa. Zartsi ne, gishiri har maƙogwaro.

"Kai a garinku ƙasa ce a ƙarƙashin ƙasa," ya ce. "Mu nan teku ne. Ruwan daɗi a sama yake, siriri, kamar mai a kan miya. A hankali ake yaɗe shi. Kana ganin duk garin nan babu mai shebur ne? Kana ganin kai ka fara tunanin zurfi?"

Dada ta shiga lambun. Da kayan cocinta ta bi fangalin ɗaya bayan ɗaya tana taɓa yashin tana kai wa harshe. Da ta gama ta shige ɗaki. Na tambayi Saja abin da ake yi in haka ta faru. Ya ce ba a yin komai, ruwan sama ake jira ya wanke, kuma damina da saura fiye da wata. Albasa kuwa kwana huɗu ta ba mu, da kyar.

Na zauna a bakin rijiyar, jikina duk laka. Ɗana ya kwanta a gidan nan ba ya iya ɗaga kai, bai ɓata musu komai ba. Ni na zo da lafiyata, cikin safiya ɗaya na zuba wa abincinsu gishiri. Da yamma na tarar da kwanon abincina a ƙofar ɗaki a rufe, kamar kullum. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ina zaune gaban kwanon wani abu ya faɗo mini. Akwai gefen gonar ubana a ƙasan kanal ɗin da ke kawo ruwan dam, inda kanwa ta taɓa tasowa fari fat, shuka ta ƙi. Mutane suka ce a bar wurin. Wani malamin gona ya sa muka ɗaga kunya kewaye da shi, muka riƙa cika shi da ruwa yana nutsewa, muna sake cikawa, har ruwan ya tura kanwar ƙasa inda saiwa ba ta kai. Can laka ce, sai da muka yi makonni. Nan yashi ne, ruwa ba ya tsayawa. In aka samu ruwan daɗi mai yawa cikin kwana biyu zuwa uku, ana iya yi wa albasar nan damina da hannu.

Na je na gaya wa Saja. Ya kashe rediyo.

"Wato ka ba ta ruwa ta kusa mutuwa, maganin kuma a ƙara mata ruwa."

"Na daɗi."

"Ina za ka samo shi? Kowa a nan da cokali yake auna nasa."

"Ku ba ku yin gayya? A roƙi maƙwabta, kowa ya ba da ɗiban safe na kwana uku. Ni zan ɗauko. In an gama in yi wa kowa aikin yini a lambunsa."

Ya ajiye rediyon gefe. Sannan ya jawo sanda ya ce, "Tashi. Ko ba komai garin zai samu abin dariya."

Gida goma sha ɗaya muka shiga kafin magariba. Ko'ina na durƙusa na fara daga farko: ina wuni, ina gajiya, yaya gida, yaya iyali, yaya aiki, yaya jama'a. A gida na huɗu Saja ya daina fassarawa.

"Albasa tana can tana mutuwa, kai kana tambayar lafiyar awaki. Na ce musu ka gaishe su, duka, har na baɗi."

Labari ya riga mu zagawa. Wasu sun ƙi, ban kuma ga laifinsu ba. Wani mai lambu da ke gabas da na Dada ya saurare mu har ƙarshe, ya faɗi wata magana, matansa suka fashe da dariya.

"Mi ya ce?"

"Ya ce zai ba ka ruwa, amma ka rantse ba za ka taimake shi ba."

Na rantse. Gida shida suka yarda.

Ina idar da sallar asuba na fara. Na samo gora mai ƙarfi na ɗaura jarka biyu, irin ɗaukar 'yan ga-ruwa, wadda su ba su yi. Kafin in zuba, na bi kowane fangali na ɗaga masa baki da yashi da busasshiyar ciyawa, ya zama kwami, don ruwan ya nutse a tsaye kada ya malale. Da Saja ya ga na juye jarka biyu a wuri ɗaya, yashi ya shanye nan take, sai ya buga sanda a ƙasa.

"Ruwan da muka roƙo da gwiwa kake zubarwa haka? Wannan ai ban ruwan fangali uku ne."

"Ba shayar da ita nike ba, Saja. Wanki nike."

Kafin azahar na gane lissafina bai fita ba. Rijiyoyin shida ba za su wanke fangali tara ba. In na raba daidai, duka za su mutu a hankali. Dole a bar biyu. Lambun ba nawa ba ne, don haka na ce Saja ya gaya wa Dada ta zaɓa. Tun ranar Lahadi ba ta dube ni ba. Ta fito ta zaga, ta tsuguna nan, ta tsuguna can. Ta zo kan biyun da ke kusa da rijiya, waɗanda na fi shayarwa don ɗoki, ta ɗora ƙafa a kan kowanne. Su ɗin da ma na yi niyya. Ta koma ciki.

Kwana na biyu bakin lawashin ya ƙone, ya yi fari ya lanƙwashe. Masu wucewa suna tsayawa su girgiza kai. Na bi da wuƙa na datse ƙonannen, na shimfiɗa busasshen ganyen kwakwa tsakanin layuka don kada rana ta sake jawo gishirin sama. Kafaɗata ta saluɓe, na naɗa tsumma a gorar na ci gaba. Tafiya a yashi da kaya ba kamar tafiya a kan kunyar gona ba ce, kowane taku sai ƙafa ta nutse. A ranar na yi kewar gida fiye da kowace rana. Na tuna yadda a wurinmu buɗe bakin kwata kawai ake yi da fartanya, ruwa ya taho da ƙafarsa.

Kwana na uku ina dawowa da jarka na tarar da mata huɗu a lambun da manyan kwanoni a kai. Matan mutumin nan ne da ya sa ni rantsuwa, da wasu biyu daga gidajen da suka ƙi. Sun lura da yadda nake yi, suka riƙa juyewa a kwami ɗaya gaba ɗaya. Zuwa hantsi sun zama tara, suna waƙa a hanya. Da la'asar na tona yashin fangali na farko har tsawon hannu, na lasa. Na ba Saja ya lasa. Ya tauna, ya dubi sama.

"Yashi," ya ce. "Yashi kawai. Tun da nake ban taɓa jin daɗin cin ƙasa haka ba."

Amma albasar ba ta nuna komai ba. Kwana na huɗu haka, na biyar haka. Na mayar da hankali kan rijiyar da na ɓata. Na mai da baƙin yashin inda na fitar da shi, na ɗebo laka daga bakin tafki na daɓe, na rufe da farin yashi. Saja ya ce a bar ta ta huta, wataƙila bayan damina ta yafe mini. Ya auna wani wuri a ɗaya gefen lambun ya ce in haƙa sabuwa, mai faɗi, shi kuma ya sa kujera a baki ya zauna da sandarsa a kan kaina. Da ruwa ya kawo ƙwaurina ya ɗaga ta.

"Tsaya nan."

"Bari in ƙara shebur ɗaya, gefen ga bai daidaita ba."

"Ka ƙara, in fasa maka kai. Na yi yaƙi, Alhaji, ba wuya gare ni."

Na fito. Wannan karon sai da na jira ruwan ya kwanta, na sha, na ba shi ya sha. Garɗinsa kamar na randa.

Safiyar kwana na shida na tsuguna a fangali na farko ina gyara ganyen kwakwa, sai na ga wani abu kamar allura, kore, yana fitowa daga tsakiyar lawashin da na datse. Na duba na kusa da shi, akwai. Na bi layin da rarrafe. Na tsallaka na biyu, na uku, har na bakwai. A wasu ya fito da yawa, a wasu jefi-jefi, amma babu fangalin da bai amsa ba. Ban san na ɗaga murya ba sai da na ji kaina ina kabbara. Saja ya fito ba sanda, yana ɗingishi. Matan maƙwabta suka taho da gudu, wata ta kama guɗa irin tasu. Mutumin gabas ya leƙo ta kan shinge, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira Saja gefe.

"Ya ce ya janye rantsuwar," in ji Saja. "Yana da fangali huɗu da teku ya taɓa bara, ya ce ko za ka duba masa."

Na duba masa, na duba wa wasu biyu. Na kuma biya kowane gida aikin yinin da na yi alkawari. Haka na ƙara kwana tara a garin. Na koyi cin tuwonsu mai tsami, har na fara neman ƙari. Na taya masunta jan koma sau biyu, suka ba ni kifi na kawo gida. Biyun da aka bari sun bushe ƙurmus, na tuge su na juya yashin. Bakwai ɗin suka murmure, ba su kamo biyar ɗin da ban taɓa ba, amma duk wanda ya san albasa ya san za su yi kai.

Ana gobe zan tafi, da la'asar, na ga Dada ta nufi sabuwar rijiya da bokitanta. Na tsaya nesa kamar yadda na saba. Ta juyo ta miƙo mini su biyun. Na karɓa, na sauka na kamfato a hankali daga sama, na hau na yayyafa irin nasu. Ta zauna a kan kututturen kwakwa tana kallo har na gama goma sha biyun. Sannan ta kira Saja, ta yi magana mai tsawo, mafi tsawo da na ji daga bakinta. Saja ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya fara, kuma babu wasa a muryarsa.

"Ta ce ɗanka, in zazzaɓin ya sassauta, yakan sa a fito da shi nan ya zauna inda take zaune. Yana ganin tana hawa da sauka, yana jin haushin ba zai iya tashi ba. Kullum sai ya ce mata, ki bari babana ya zo, duk ƙasarmu babu wanda ya kai shi ban ruwa."

Na ajiye bokitin. Ban san yana faɗin haka a kaina ba. Ni da shi ba mu taɓa zama mun yi hira ba.

Dada ta ƙara wata gajeriyar magana, ta nuna lambun da haɓa. Saja ya share ido da bayan hannu, dariya ta ƙwace masa.

"Ta ce ranar Lahadin nan ta ɗauka yaron ƙarya ya yi mata. Ta ce yanzu ta yarda. Ka je ka gaya wa uwarsa gaskiya ya faɗa."

Na durƙusa a kan yashin. Wannan karon ba ta ce in tashi ba, sai da na gama.